Sharaɗin da Uwar Barnaba Ta Kafa Mini

Masu bina a wannan shafi, ku gyara zama, don yau ba kuka na zo yi muku ba. Kukana na yi shi na gama, na wanke fuskata. Wanda bai san ni ba, sunana Rejina, a gida kuma Balaraba ake ce mini. Shekarata ashirin da shida, ɗinki nake yi a kasuwar Yelwa, shago ɗaya da ƙawata Zulai'atu. Ni 'yar Katolika ce, ina cikin mawaƙan cocinmu, kuma tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya da na fara karɓar Komuniyo Mai Tsarki, wato jikin Yesu da muke karɓa lokacin Misa, ban taɓa yin wata guda cur ban karɓa ba. Ba taƙama nake yi muku ba, shi ne abin da ake so a raba ni da shi.

Saurayina Barnaba ne, mutumin Wara, mai gyaran injin jirgin ruwa. Shekara uku muna tare. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana, hannunsa kullum da ɗan warin fetur ko sau nawa ya wanke shi da sabulu. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Mun fara ajin shirin aure wurin Katikis, malamin da ke koyar da addini a cocinmu, iyayensa sun kawo akwatin gaisuwa, ni kuma har na yanka farin yadin rigar aurena na ɓoye shi a ƙarƙashin teburin ɗinki, Zulai'atu tana yi mini dariya wai na fi ango zumuɗi.

Ranar Laraba da azahar sai ga uwarsa, Mama Uwani, ta iso gidanmu. Ta sha atamfar Zumuntar Mata, shuɗiyar nan mai hoton Uwa Maryamu, ta kafa ɗaurin ɗankwali kamar za ta karɓi baƙon Bishop, ga kwandon bandar kifi ta sa an sauke a ƙofar kicin. Na shimfiɗa mata sabuwar tabarma a inuwar darbejiya, na kawo kunun tsamiya, na durƙusa na gaishe ta. Baba ya baro gonar albasarsa ya zo ya zauna a kujerarsa, Inna ta raɓa daga gefe.

Ta sha kunu ta goge baki, sannan ta dubi Baba.

"Malam, magana munka zo da ita, ba mai tsawo ba ce. Mun yi shawara can gida. A yi na gargajiya watan gobe, yarinya ta tare Wara. In Allah ya sa ciki ya hito, sai mu zo gaban Fada a ɗaura na coci, a yi bikin da ba a taɓa gani ba."

Jama'a, na ɗauka kunnena ne. Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma. Na dubi Baba, sai gyaɗa kai yake yi kamar an ce masa farashin albasa ya tashi. Na san ba a sa baki in manya suna magana, na sani sarai, amma bakin nawa bai jira izinina ba.

"Mama, in kuma cikin bai hito ba hwa?"

Ta yi murmushi irin wanda bai kai ido ba. "Ke ɗiyata, bar kawo muna mugun baki. Amma kin san auren coci ba a kwance shi, in anka ɗaura an ɗaura har kabari. Barnaba shi kaɗai gare ni namiji. In tura shi ɗakin da babu ƙohwar hita ban leƙa na ga abin da ke ciki ba?"

"Mama, ranar da na kwana gidanku babu auren coci, ranar na bar karɓar Komuniyo. Ku shugaba ce a Zumunta, kun hi ni sanin haka."

"Wata nawa ne? Shida, bakwai. Ki tahi ki hurta zunubi, Fada shi wanke ki, shi ke nan. Kowa haka ya yi."

"Wato in shirya zunubin tun yanzu, in shirya tubar tare da shi, kamar mai yanka riga da ɗankwalinta?"

"Balaraba!" Baba ya daka mini tsawa har kaji suka watse. "Tashi ki ba mu wuri, marar kunya!"

Na tashi, amma ban yi nisa ba, bayan labulen ɗakina na tsaya ina jin komai. Baba ya ba ta haƙuri, ya ce ƙuruciya ce, zai yi mini magana. Ita kuma ta ce ranar Litinin za ta dawo Yelwa da kifi, jirginsu zai koma bayan azahar, tana so ta tafi da amsa. Da za ta fita har da ɗaga murya ta ce a gaishe da amarya.

Da yamma wayata ta yi ƙara. Saƙon Barnaba ne.

"Reji, me kika gaya wa Mama? Tun da ta dawo ko ruwa ba ta sha ba."

Na rubuta masa, "Ka san da maganar da ta zo da ita?"

Ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Sai da na gama wanke kwanuka sannan amsa ta shigo.

"Na sani. Amma ai wata kaɗan ne. Ni na san za ki samu."

"Ka sani ta yaya? Kai ne mai bayarwa?"

"In kina sona ki taimake ni. Ba na iya musu da ita."

Ya biyo da hoton zuciya guda uku. Na daɗe ina kallon su, raina yana tafasa. Abin da ya fi ƙona ni, wannan mutumin ne muka zauna da shi benci ɗaya Katikis yana koya mana cewa aure sakramenti ne, alkawari ne da mutum biyu suke yi gaban Allah ba tare da sharaɗi ba. Har rubutawa yake yi a ɗan littafinsa. Na kife wayar.

Washegari a shago na kwashe komai na gaya wa Zulai'atu. Ta dakatar da keken ɗinkinta ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah! Mu dai wurinmu sai an shahwa Fatiha ake zancen ciki. Na ɗauka ku ma haka ne."

"Haka ne mana. Mutane ne ka juya shi."

"To ke mi za ki yi?"

"Ban sani ba tukuna. Amma ni ba yadi ba ce da za a jiƙa a ga ko yana zuba kahin a saya."

Ta yi dariya har da buga tebur, sannan ta dube ni ta ga idona ya ciko, sai ta miƙo mini ruwa.

Ranar Asabar da la'asar na je furta zunubi. Abin da aka faɗa a wurin, Fada, limamin cocinmu, ba shi da ikon fitar da shi ko da za a yanka shi, amma ni nawa ne, zan iya gaya muku. Na durƙusa na yi alamar gicciye, na ce na yi wa babba rashin kunya a gaban iyayena. Na ce kuma tun ranar Laraba nake fatan injin jirgin wata tsohuwa ya mutu a tsakiyar ruwa, ba don ta nutse ba, don dai ta yini a rana ta ji a jikinta. Na ji Fada ya yi wani tari wanda na tabbata dariya ce ya haɗiye. Ya tambaye ni dalili, na ba shi labari.

Ya ce, "'Yata, aure ba gwaji ba ne. Ranar ɗaurin aure ana tambayarku ko za ku karɓi 'ya'ya in Allah ya ba ku. Ba a tambaya ko an riga an tabbatar. Rashin haihuwa ba ya hana aure a Ekilisiya, ba ya kuma kwance shi. Ba zan zaɓa miki miji ba, wannan naki ne. Amma ki kula, don kina da gaskiya ba shi ya ba ki izinin wulaƙanta tsohuwa ba."

Sai ya ce aikin tubata shi ne in yi rosari, addu'ar da muke ja da carbi, guda cikakke domin matar, ina kiran sunanta. Gaskiya da cewa ya yi in share cocin gaba ɗaya har da harabar, da ya fi mini sauƙi. Na yi dai, haƙorana a cije.

To ga abin da ban taɓa gaya muku ba. Innata ba ta karɓar Komuniyo. Tun da na buɗe ido na san ta, duk Lahadi ita ce ta farko a coci, ita ke wanke zanen bagade, teburin da Fada yake yin Misa a kai, ita ke share gaban gunkin Uwa Maryamu, amma in lokacin karɓa ya yi, sai ta kauda gwiwoyinta gefe don mutanen bencinsu su wuce. Ita da Baba auren gargajiya suka yi, ya ce na coci sai bayan girbin albasa. Shekara ashirin da takwas ke nan ana girbe albasa. Mu shida ta haifa masa. Duk lokacin da Katikis ya tayar da maganar, sai Baba ya ce shi ya tsufa da sa kwat ya tsaya gaban yara.

Ran Lahadi ina cikin mawaƙa ina kallon ta ta sake kauda gwiwa. Da muka dawo gida na same ta a kicin tana tuƙa tuwon shinkafa, ko atamfar coci ba ta cire ba.

Ba ta dube ni ba ta ce, "Balaraba, ki yi haƙuri ki bi. Namiji kamar Barnaba ba kullum ake samu nai ba. Ba shi sha, ba shi duka, ga sana'a. Shekarunki suna tahiya. Ni da na bi, na mutu?"

"Inna, ke ai cikin ya hito. Sau shida ya hito. Ina auren cocin?"

Muciyar ta tsaya a hannunta. Na so in janye maganar, amma ta riga ta fita. Ta daɗe tana kallon tukunya, hayaƙi yana shiga idonta.

"Kin ɗauka ba ya ci mini rai? Ranar da kinka hwara karɓa, ni na ɗinka miki hwarar rigar da hannuna, ni na kai ki har bakin layi, sannan na koma na zauna." Ta share ido da bakin zani. "In kin ƙi, Babanki zai ce ni na zuga ki."

"To ki ce mai ni na zuga kaina."

Ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba. Ta ci gaba da tuƙinta. Amma ranar Litinin da safe, bayan Baba ya tafi gona, na buɗe ƙofa na tarar da akwatin gaisuwar Barnaba a bakin ɗakina. A saman sif ɗin Inna yake zama, ni ko hannuna ba ya kaiwa. An sauke shi, an goge masa ƙura tas.

Na sa jar atamfata wadda na ɗinka da kaina, na ɗaura ɗankwali, na rataya rosarina a wuya a waje, inda kowa zai gani. Na tare ɗan kabu-kabu, muka ɗaure akwatin a baya, na ce bakin ruwa.

Tashar jirgi ta cika kamar kullum. Ana loda buhunan albasa da jarkokin mai, wasu ƙarti huɗu suna kokawar saka babur cikin jirgi, mata suna ciniki da ƙarfi kan kwandunan da suka rage. Na hango Mama Uwani ta riga ta zauna a tsakiyar jirgin Wara da laimarta, Barnaba kuma yana tsugune a baya yana duba inji. Da ya gan ni ya miƙe yana murmushi. Da ya ga akwatin a kaina, murmushin ya ɗauke.

Na sauke shi a kan yashi, na durƙusa har ƙasa, don na tuna maganar Fada.

"Mama, ina wuni. Na zo da amsa da kaina. Ina roƙon gahwara kan yadda na yi muku magana ran Laraba. Amma ba ni tarewa gidan kowa sai an ɗaura gaban bagade. In kun yarda da haka, akwati ya koma gidanmu. In ba ku yarda ba, ga kayanku, ko allura ban taɓa ba."

Matan da ke cikin jirgin suka juyo suna kallonmu. Fuskar Mama Uwani ta haɗe, ta rufe laimar da ƙarfi.

"Ke wa kika ɗauki kanki? Gaban mutane za ki tozarta ni? Ko Sisiliya da ta hi ki kyau, ta hi ki ladabi, ba ta yi muna wanga taurin kai ba!"

Tana rufe baki ta gane abin da ta yi. Na ga hannunta ya tashi kamar zai kamo maganar. Wata mata kusa da ita ta kauda kai tana kallon ruwa.

Na miƙe tsaye. "Wace ce Sisiliya?"

Barnaba ya diro daga jirgin, ya kama hannuna ya ja ni gefe, bayan tarin buhuna.

"Reji, tsohon zance ne, tun kahin in san ki."

"Wace ce?"

"Wata yarinya ce daga ƙauyenmu. An yi na gargajiya, ta tare. Shekara biyu."

"Sannan?"

"Shiru, ba ciki. Sai Mama ta ce ta koma gidansu."

Shekara biyu wata 'yar mutane tana zaune a benci tana kauda gwiwa saboda shi, sannan aka tattara mata kayanta kamar wadda ta zo aikin ƙodago. Shi kuma ya je ya furta zunubi, ya koma layin karɓa da farar rigarsa, ya zo Yelwa ya same ni.

"Yanzu tana ina?"

Ya kauda kai. Na ce ba zan motsa daga nan ba sai ya faɗa.

"Ta yi aure Shanga."

"Ta haihu?"

Ya dubi ƙasa. Da kyar na ji muryarsa saboda hayaniyar masu lodi. "Biyu. Tana da cikin na uku."

Jama'a, a nan ne fushin ya sauka, wani abu mai nauyi ya maye wurinsa. Na dubi mutumin nan da nake so, dogo har ya fi ni da kai guda, ya tsaya gabana kamar wanda ruwa ya yi wa duka. Tausayinsa ya kama ni, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma tausayi bai hana ni lissafa abin da aka shirya mini ba: in je in zauna shekara biyu babu Komuniyo, a dawo da ni gidan Baba da sunan juya, a nemo ta uku.

"Barnaba, kai an taɓa gwada ka? Ka taɓa taka asibiti?"

Ya girgiza kai.

"To ka ji. Auren nan da uwarka ke gudu, shi kaɗai ne zai karɓe ka ko ba ka haihuwa, shi hana ni barin ka har in mutu. Da ka hwaɗa mini gaskiya tun hwarko, da na tsaya da kai gaban bagade na ce na yarda, ko ɗa ko babu. Amma ranar da munka cika takardar aure ofishin Fada, ya tambaye ka ko ka taɓa aure, na coci ko na gargajiya. Hannunka bisa Littahi Mai Tsarki ka ce a'a. Ina zaune kusa da kai."

"Na ji tsoro ne, Reji. Tsoron kada ki gudu."

"Yanzu ma ban gudu ba, ga ni tsaye. Amma ba ni za ka hwara ba haƙuri ba. Ka tahi wurin Fada da bakinka, ka warware abin da ka rantse. Ka nemi Sisiliya ka roƙe ta gahwara. Ka tahi asibiti. In ka gama, ka san shagona."

Daga cikin jirgi Mama Uwani ta ƙwalo kira. "Barnaba! Ɗauko akwatin ka shigo mu tahi! Mata sun ƙare ne?"

Ban jira na ga abin da zai yi ba. Na juya na hau gangaren, yashi yana shiga takalmina, hawaye yana zubo mini ina share shi da haushi, don na rantse ba za su gani ba. A bayana na ji an ja igiyar inji sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya tashi. Sai da na kai inda 'yan kabu-kabu suke tsayawa, na hau bayan babur na gyara zanina, sannan na waiwaya.

Jirgin ya riga ya yi nisa cikin ruwa. Na hango laimar Mama Uwani, da akwatin a gabanta. Barnaba ba ya ciki. Yana tsaye shi kaɗai a bakin gaɓa, ruwa har idon sawunsa, bai bi ta ba, bai kuma biyo ni ba.

Ɗan kabu-kabun ya ce, "Hajiya, mu jira shi ne?"

Na ce, "Ja mu tahi. Ya san hanyar gidan Fada."